V for Vendetta: wanda ya rusa gidan zalunci da irin makaman azzalumai, jarumi ne?

Bashir G.:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Littafin da na kawo mana yau labari ne mai zane, V for Vendetta, wanda Alan Moore ya rubuta, David Lloyd ya zana. Da yawanmu fim ɗin muka sani, wasu ma fuskar nan kawai mai murmushi da siririn gashin baki da masu zanga-zanga ke sawa. Littafin ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Wanda bai karanta ba kuma ba ya so a tona masa ƙarshen labari, ya dakata a nan.

An fara buga shi kashi-kashi a 1982 a wata mujallar Ingila mai suna Warrior, baƙi da fari. Mujallar ta durƙushe a 1985 labarin bai ƙare ba, sai kamfanin DC Comics na Amurka ya ɗauko shi ya kammala tsakanin 1988 da 1989, kashi 10, da launi. Labarin ya buɗe a daren 5 ga Nuwamba, 1997. An yi yaƙin nukiliya, Afirka da Turai sun hallaka, Ingila ta tsira daga bam amma yunwa da ambaliya da tarzoma sun durƙusar da ita. Cikin wannan ruɗani wata jam'iyyar 'yan fasist mai suna Norsefire ta karɓi mulki. Ta kwashe baƙaƙen fata, da 'yan asalin Pakistan, da masu ra'ayin gurguzu, da masu neman jinsi, ta kai su sansanoni, ba su dawo ba. Sai ga wani mutum, V, sanye da fuskar Guy Fawkes, mutumin da ya so tarwatsa majalisar Ingila a 1605, ya ceci wata yarinya 'yar shekara 16, Evey Hammond, daga hannun 'yan sandan ciki, a daren kuma ya tarwatsa ginin majalisa.

Tambayata ɗaya ce, kuma ta hana ni sakat: mutumin nan jarumi ne? Ni ina son littafin ƙwarai, amma ba na iya amsa wannan da baki ɗaya.

Nura:
Wa alaikumus salam Yaya Bashir. Jarumi ne mana. Mutumin da aka kulle a sansanin Larkhill, aka yi gwajin allura a jikinsa kamar ba ɗan Adam ba, duk waɗanda aka yi wa allurar tare da shi suka mutu, shi kaɗai ya fita. Me ake so ya yi, ya kai ƙara kotu? Wace kotu?

Hadiza M.:
Nura, ka kai wurin da ya kulle Evey kuwa?

Nura:
Na kai, Anti.

Hadiza M.:
To bari in faɗa wa waɗanda ba su kai ba, don a san abin da muke kira jarumta. An kama yarinyar nan, aka jefa ta wani ɗaki mai duhu, ita da ɓera. Aka aske mata kai ƙwal. Kullum a fito da ita a danna kanta cikin ruwa, a mayar da ita. A wani rami a jikin bango ta tsinci wasiƙa da wata fursuna, Valerie, ta rubuta a kan takardar bayan gida, wasiƙar ce ta riƙe ta. Daga ƙarshe aka miƙo mata takarda: ta sa hannu cewa V ne ya juya mata tunani, ko kuma a fita da ita a harbe. Ta ƙi. Sai aka ce mata ta tafi, an sake ta. Ta fito ta tarar masu gadin duk gumaka ne da muryar kaset, gidan yarin kuma cikin gidan V yake. Shi ya yi mata duk wannan. Ya ce wai don ya 'yantar da ita daga tsoro.

Ni uwa ce. Duk bayanin da za a yi mini, wanda ya yi wa 'yar mutane haka ba tare da yardarta ba ya zalunce ta. Hujjar da ya kawo kuma ita ce hujjar da Norsefire ke kawowa: don amfaninku muke yi. Ko kyamarorin da suka kafa a tituna an rubuta a jikinsu cewa don kare jama'a ne.

Bashir G.:
Nan ne ni ma na tsaya cak, Anti Hadiza.

Zainab mai zane:
Anti, ina tare da ke cewa zalunci ne, amma ina ganin littafin ma ya san haka, kuma shi ya sa nake girmama shi. Ku sake duba yadda Lloyd ya zana fuskar Evey a lokacin da ta gane gaskiya. Ba godiya a ciki. Tana ihu, tana ce masa mahaukaci, mugu, numfashinta yana sarƙewa har ta zube ƙasa. Shi kuma fuskarsa tana nan da murmushin nan da ba ya motsi. A shafukan baya murmushin yana burge mai karatu, a wannan shafin tsoro yake bayarwa, alhali zanen bai sauya ko kaɗan ba. Abin da ke kewaye da shi ne ya sauya.

Kuma akwai abu biyu da suka cire daga littafin tun farko, bisa shawarar Lloyd: babu kumfar nan da ake zanawa saman kai don nuna abin da mutum ke tunani, babu kuma rubutun ƙarar bam ko naushi. Sakamakon haka ba ka taɓa shiga zuciyar V ba. Abin da ya faɗa da abin da ya aikata kawai kake da su, sai ka yanke hukunci da kanka. Ginin majalisa ya tashi da wuta amma shafin shiru. Ni a matsayina na mai zane wannan ya koya mini abu mai yawa.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Na karanta abin da kuka rubuta, Allah ya yi muku albarka. Bari in sa baki ta fuskar tarihi, don littafin nan ɗan zamaninsa ne.

Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979. A shekarun da suka gabaci haka ƙungiyar National Front tana maci a titunan Ingila tana neman a kori baƙi, ana dukan 'yan Asiya da baƙaƙe a unguwanni. Ga kuma fargabar yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Da wannan Moore ya gina labarinsa. Ya ɗauka jam'iyyar Leba ce za ta ci zaɓe mai zuwa ta fitar da makamai masu linzami na Amurka daga ƙasar, shi ya sa a labarin ba a jefa wa Ingila bam ba. A zahiri Thatcher ce ta sake lashe zaɓen 1983 da gagarumin rinjaye. Hasashen siyasarsa bai ci ba, amma batun kyamara a kowane lungu ya ci, duk wanda ya je Landan zai gaya muku.

Shi kuwa Guy Fawkes, ku sani ba mai neman a zauna ba gwamnati ba ne. Ɗan ɗarikar Katolika ne, cikin gungun da Robert Catesby ya jagoranta, suka tara gangunan albarushi 36 a ƙarƙashin majalisa don su hallaka Sarki James na ɗaya a 5 ga Nuwamba, 1605, su mayar da sarauta hannun ɗarikarsu. Aka kama shi, aka azabtar da shi, aka kashe shi a Janairun 1606. Lloyd ne ya kawo shawarar a ɗauko mutumin da Ingila ke ƙona gunkinsa duk shekara a mai da shi gwarzon labari.

Yanzu ga inda nake da ja. V yana kiran mutane zuwa ga aƙidar zama ba shugaba. Mu kuwa mun taso da abin da malamai suka naƙalto, Ibn Taimiyya ma ya kawo shi a littafinsa na siyasar shari'a, cewa shekara sittin ƙarƙashin azzalumin shugaba ta fi dare ɗaya ba shugaba. Ba don son zalunci suka faɗi haka ba. Sun ga abin da fitina ke yi wa raunana ne. Somaliya bayan 1991 tana nan, Libiya bayan 2011 tana nan. Idan hukuma ta faɗi, ba mai littattafai da furanni ke fitowa ba, mai bindiga ne.

Mahamadu Damagaram:
Malam ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu nan Nijar ba labari aka ba mu ba. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makaman da suka fito daga rumbunanta sun bi hamada sun watsu cikin Sahel, Mali ta fara ɗanɗanawa a 2012, har yau ba mu huta ba. Shi ya sa da na kai kashi na uku na littafin, inda V ya fasa cibiyoyin leƙen asiri ya ba mutane kwana uku ba mai kallonsu ba mai sauraronsu, gabana faɗuwa ya yi. Me mutane suka yi? Wawason shaguna. An harbe wata mata a bainar jama'a saboda sata, tarzoma ta ɓarke. Na ce to ga shi nan.

Nura:
Amma Malam Mahamadu, V da kansa ya ce wa Evey wannan ba shi ne abin da yake nufi ba. Ta tambaye shi ko wannan ce duniyar da ya yi alkawari, ya ce a'a, wannan hargitsi ne kawai. Abin da yake nufi tsari ne da mutane za su yi da yardarsu, ba wanda aka ɗora musu da bakin bindiga ba, kuma sai hargitsin ya lafa zai zo.

Mahamadu Damagaram:
Na ji, ƙanena. Kafin ya lafa, su wa za a binne? Kuma wa ya ba shi tabbacin zai lafa?

Nura:
Ba wanda ya ba shi. Amma ku dubi abin da ke ɗaya gefen. Maganar da Malam ya kawo ta azzalumin shugaba ce, mai cin dukiya, mai ɗaure abokan hamayya. Norsefire ba haka take ba. Gwamnati ce da ta zauna ta tsara a shafe wasu jinsin mutane daga doron ƙasa, ta kuma aikata. Ga wanda ke cikin ɗaki na biyar a Larkhill, inda aka kulle V, wane dare ne ya rage da zai fi wanda yake ciki muni? Mu ma da muke wannan hira, da muna Ingilar littafin nan, da launin fatarmu kaɗai ya isa a loda mu a mota. Kuma Malam ya fi ni sanin maganar da Shehu Usmanu ya kawo, cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci.

Malam Sani:
Ka kawo hujja mai ƙarfi, Nura, kuma na karɓi rabinta. Gwamnatin da ta mai da kisan kiyashi aikin ofis ta zubar da haƙƙin a yi mata biyayya. Ban ce a rungume hannu ba. Ko a Ingilar gaske, a Oktoban 1936, da Oswald Mosley, shugaban 'yan fasist na ƙasar, ya so ya ratsa unguwar Yahudawa a gabashin Landan da 'yan baƙar rigarsa, talakawa ne suka tare titin Cable, Yahudawa da 'yan Ailan da ma'aikatan tashar jirgin ruwa, suka hana shi wucewa. Wannan turjiya ce da nake sara wa. Amma ka lura: jama'a ne suka fito tare, kowa da fuskarsa a buɗe. Ba mutum ɗaya ba ne a ɓoye ya yanke wa ƙasa hukunci bai shawarci kowa ba. Mai cewa kada a yi shugaba, shi kaɗai ya tsara komai tun daga farko har ƙarshe, ya juya kowa yadda ya so. Ban ga shugaban da ya kai shi iko a cikin littafin ba.

Bashir G.:
Malam, wannan magana ta shige ni. Har kwamfutar da gwamnati ke taƙama da ita ma ashe tun tuni tana hannunsa.

Ummi:
Ku yi haƙuri in katse ku, ni ban karanta ba, fim ɗin kawai na gani. Wace kwamfuta? Kuma a fim ai jama'a sun fito tare a ƙarshe, dubbai, kowa da fuskar.

Bashir G.:
Ummi, wannan fitowar ta fim ce, babu ita a littafin. A littafin gwamnatin an tsara ta kamar jikin mutum. Ido su ne masu kyamara, Kunne masu satar sauraron waya, Hanci masu binciken laifi, Yatsa 'yan sandan ciki, Baki kuma gidan rediyo da talabijin. Kan wannan jiki kuwa shi ne shugaba, Adam Susan, da wata babbar kwamfuta da suke kira Ƙaddara. Susan mutum ne da bai taɓa kusantar kowa ba, ba mata ba aboki, sai ya kamu da son kwamfutar nan, yana zama gabanta yana yi mata magana kamar abin bauta. V ya daɗe da kutsawa cikinta, da ita ya ƙarasa haukata shi.

Fim ɗin da ya fito a 2006 ya sauya abubuwa da dama. Ya mai da shugaban mai tsawa a allon talabijin, ya tausasa V, ya kusan share batun zama ba shugaba gaba ɗaya. Moore ya ƙi a sa sunansa a jiki. Ƙorafinsa shi ne labarinsa karo ne tsakanin fasisanci da aƙidar zama ba shugaba a Ingila, su kuma sun mai da shi rigimar siyasar Amurka ta zamanin Bush.

Ummi:
To wurin da Gordon ya ɓoye Alƙur'ani a gidansa, aka kashe shi saboda shi fa? Wurin nan ya sa ni hawaye.

Bashir G.:
Shi ma na fim ne. A littafin Gordon ɗan ƙaramin mai harkar bayan fage ne da ya ba Evey masauki, wasu 'yan daba suka kashe shi. Amma ban ga laifin wannan ƙarin ba, ya dace da lokacin da aka yi fim ɗin.

Aliyu Birmingham:
Ina biye da ku. Ƙarin bayani kan abin da Malam ya faɗa: har yanzu duk 5 ga Nuwamba ana kunna wuta a filaye a nan, ana harba tartsatsin wuta sama, yara suna murna. Yawancinsu ba ruwansu da tarihin. Fuskar kuma tun da 'yan Anonymous, gungun masu fafutuka da kutse a intanet, suka fara sa ta a 2008, sannan masu zaman dirshan na Occupy, masu adawa da manyan bankuna da kamfanoni, a 2011, ta zama ta kowa. Abin da ba kowa ya sani ba, haƙƙin mallakar zanen fuskar yana hannun kamfanin Warner, wato wanda ya sayi ta asali don ya yi zanga-zangar adawa da manyan kamfanoni, wani abu daga kuɗinsa wurinsu ya tafi.

Amma ni abin da ya fi kama ni a littafin ba V ba ne, ma'aikatan gwamnatin ne. Ba a zana su da ƙaho ba. Eric Finch, shugaban masu bincike, mutumin kirki ne a mu'amalarsa, iyalinsa sun mutu, ya shiga aikin ne don yana ganin ko wane irin tsari ya fi rashinsa. Wato hujjar Malam Mahamadu ce a bakinsa. Sai da ya je kangon Larkhill shi kaɗai ya tsaya inda aka ƙona mutane, sannan ya tuna maƙwabtan da aka kwashe yana kallo, baƙaƙe da 'yan Asiya, muryoyinsu da abincinsu, ya gane yana kewarsu kuma bai ce uffan ba ranar da aka tafi da su. Ni baƙo ne a ƙasar nan, ina da maƙwabta Turawa da muke gaisawa kullum. Shafukan nan sun daɗe a raina.

Hadiza M.:
Aliyu, ka tuna mini da likitar nan, Delia Surridge. Ita ta yi musu allurar a sansanin. Shekaru tana jiran ranar da zai zo. Da ta farka ta gan shi a ɗakinta sai ta ji sauƙi. Ta tambaye shi ko zai kashe ta, ya ce ai ya riga ya yi mata allura tana barci, ba za ta ji zafi ba. Ta roƙi ya nuna mata fuskarsa sau ɗaya, ya cire, mu ba a nuna mana ba. Ga mace ta yi nadama ta gaskiya, ya kashe ta duk da haka. Kwamandan sansanin kuwa, Lewis Prothero, wanda ya tura mutane tanderu ko gezau amma yake tattalin 'yan tsanarsa kamar 'ya'ya, V ya ƙona 'yan tsanan a gabansa har ya zauce. Wannan ban ji tausayinsa ba, Allah ya sani. Amma ita likitar ta tsaya mini a wuya.

Nura:
Nadamarta ba ta dawo da ko mutum ɗaya ba, Anti.

Hadiza M.:
Kisanta ma bai dawo da kowa ba.

Zainab mai zane:
Akwai wadda ba mu ambata ba, kuma a ganina ita ce zuciyar littafin: Rosemary Almond. Mijinta shi ne shugaban Yatsa, yana dukanta a gida. V ya kashe shi. Gwamnatin da ya yi wa bauta ta watsar da ita ba ko sisi. Ta rakuɓe wurin wani babban jami'i da take ƙyama don ta ci abinci, shi ma ya mutu. Ta koma rawa a gidan shaye-shaye, maza suna kallon jikinta. Lloyd yana zana ta a gefen labari, shafi ɗaya nan, rabin shafi can, fuskarta tana ƙara zurmawa. Daga ƙarshe ta sayi bindiga, ranar da Susan ya fito gaisawa da jama'a ta matso ya miƙo mata hannu, ta harbe shi. Ba mai fuskar Guy Fawkes ne ya kashe shugaban ba. Matar da ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai ce. An cire ta daga fim ɗin, kuma a nan ne fim ɗin ya fi yin asara.

Malam Sani:
Haka ne 'yata, amma ki tuna V ne ya mayar da ita bazawara, kuma ya nuna wa Evey cewa yana sane da ita, ya tanade ta don wannan aikin. Ita ma dara ya buga da ita.

Zainab mai zane:
Ban musa ba, Baba.

Bashir G.:
Bari in kawo jawabin da ya yi a talabijin, don yana amsa wani ɓangare na ƙorafin Malam. Ya ƙwace gidan talabijin, ya yi magana kamar mai kamfani yana yi wa tsohon ma'aikaci faɗa, ma'aikacin kuwa shi ne ɗan Adam gaba ɗaya. A bayansa ana nuna hotunan su Hitila da Musolini da Stalin. Ya yarda shugabannin miyagu ne, sai ya juyo ya tambaya: wa ya ɗora su? Wa ya yi shiru? Sau nawa aka ba ku damar riƙe ragamar kanku kuka ce ba za ku iya ba? Wato idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A fahimtata V bai ɗauki kansa mai ceto ba. So yake ya kwashe duk wani uzuri, ya bar mutane da zaɓinsu tsirara.

Mahamadu Damagaram:
To an taɓa yin irin wannan zama a duniya ya yi aiki? Tambaya nake tsakani da Allah.

Malam Sani:
An gwada, kuma a gaban 'yan fasist ɗin aka gwada. A Yulin 1936 da sojojin Sifen suka yi tawaye ga jamhuriya, ma'aikatan ƙungiyar ƙwadago ta CNT, masu wannan aƙida, su ne kan gaba wajen murƙushe tawayen a Basalona. Suka karɓi masana'antu da motocin haya na kan dogo suna gudanarwa da kwamitocinsu, a yankin Aragon manoma suka haɗa gonaki suna noma tare. Motoci sun ci gaba da tafiya, an ci gaba da gasa burodi. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai cewa talaka ba ya iya tafiyar da al'amarinsa sai da mai bulala a kansa ya kamata ya karanta tarihin nan. Amma a watannin farkon nan an kashe dubban limaman coci a yankunan jamhuriya, kuma da hannun wasu daga cikinsu a ciki. A Mayun 1937 suka gwabza da 'yan gurguzu masu bin Mosko a cikin Basalona, ƙarfinsu ya karye. Janar Faranko, jagoran sojojin tawayen, da taimakon jiragen Hitila da sojojin Musolini, ya shiga birnin a Janairun 1939, ya mulki ƙasar har ya mutu a 1975. Ga amsar, Mahamadu: ya yi aiki na ɗan lokaci, da jini a hannunsa, kuma bai iya kare kansa ba.

Nura:
Bai iya kare kansa ba domin Ingila da Faransa sun naɗe hannu sun hana jamhuriya makamai, alhali Jamus da Italiya suna yi wa Faranko lodi. Ba aƙidar ce ta kashe kanta ba, Malam.

Malam Sani:
Wannan ma yana cikin dalilan, ban cire shi ba.

Hadiza M.:
Ku dawo da mu kan yarinyar, don ni ita ce damuwata. Na yarda da abu ɗaya: bayan abin da ya faru, da V ya nuna mata zai iya kashe wanda ya kashe Gordon in ta ce a yi, ta ce a bar shi. Ta ƙi kisa har ƙarshen littafin. Wannan nata ne, ba shi ya koya mata ba.

Bashir G.:
Kuma shi ya sa ya zaɓe ta, Anti. Ya gaya mata aƙidar tasa fuska biyu gare ta, mai rusawa da mai ginawa, kuma mai rusawa ba shi da wurin zama a duniyar da za a gina. Da Finch ya gano maɓoyarsa a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Victoria, V yana iya kashe shi, sai ya bari ya harbe shi. Ni a nan na samu abin da zan riƙe. Duk wani mai juyin juya hali da muka sani a tarihi, in ya kayar da azzalumi sai ya haye kujerar. Wannan ya yanke wa kansa hukunci tun kafin mu yanke masa. Ya san hannunsa ya ɓaci. Evey ta tsaya kan gawarsa ta ƙi ɗaga fuskar, don duk wanda ta gani a ƙasa zai rage girman abin. Ta sa shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa cike da nakiya da furanni ta tura shi ƙarƙashin titin Downing, inda fadar gwamnati take. Ta sa fuskar, ta fito ta gaya wa jama'a zaɓi ya rage nasu. Ta ƙudurta ba za ta jagorance su ba, ba za ta yi kisa ba, gini kawai za ta taya su.

Malam Sani:
Wannan karatu ne mai kyau, Bashir, kuma shi ya sa na ce ɗalibai su karanta littafin duk da sabanin da nake da shi da aƙidarsa. Bai yi wa mai karatu ƙarya ba. Bai nuna gari ya waye kowa yana murna ba. An rufe littafin Landan tana cin wuta, manyan jami'ai suna cin naman junansu, ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar. Marubucin da ke son aƙidarsa ya ci nasara ko ta halin ƙaƙa da ya ƙara shafi goma ya nuna mana aljannar duniya. Moore bai ƙara ba.

Hadiza M.:
Saura abu ɗaya, Bashir. A cikin tarzomar ƙarshe Evey ta ɗauke Dominic, mataimakin Finch, bayan an ji masa rauni. Ya farfaɗo a gidan V, ga mai fuska tsaye a kansa tana yi masa maraba, kamar yadda aka yi mata a farkon littafin. Ba a tambaye shi ko yana so ba. In hanyar 'yantar da mutum ita ce wadda aka bi da ita, to ɗakin nan mai ɓera yana nan a gidan, ba a rushe shi ba.

Zainab mai zane:
Ni ban ga alamar za ta yi masa haka ba, Anti. Ceton ransa ta yi, da ta bar shi a titi da 'yan tarzoma sun ƙarasa shi. Kuma wadda ta ƙi a kashe mata maƙiyi ba na jin za ta danna kan wani cikin ruwa.

Hadiza M.:
Ina fata haka ne, Zainab. Amma bayan V ya fito da ita daga gidan yarin ya kai ta kan rufi cikin ruwan sama, ta gode masa kan abin da ya yi mata. Wanda ya yarda cewa azaba ce ta 'yantar da shi, ban san ranar da zai ga wani na buƙatar irinta ba. Littafin ina son sa, zan kuma ba 'yata ta karanta in ta ƙara girma, amma zan zauna kusa da ita in ta kai wannan babin. V kuwa ban yafe masa ba.